Tarihin Baƙin Tabo da Maganinsa a Birnin Kano: Daga Askar Wanzami Zuwa Hasken Leza

1.0 Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da likitocin fata ke saurara a wannan zamani akwai na mutumin da ya kai kansa a gyara masa fuska da na'urar haske, ko don a kashe masa saiwar gashi, ko don a share masa tabon ƙuraje, amma bayan 'yan makonni sai wurin da hasken ya taɓa ya yi baƙi fiye da yadda yake a da. Wanda bai san asalin abin ba zai zaci sabuwar cuta ce wadda sabuwar na'ura ta zo da ita. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa na'urar ce baƙuwa, ita kuwa matsalar daɗaɗɗiya ce. Baƙar fata, a bisa halittarta, takan mayar da martani ga kowane rauni ta hanyar ƙara launi. Saboda haka duk maganin da aka kawo don ya share ta cikin gaggawa, ƙarshensa yakan bar tabon da ya fi na farko wuyar fita.

An zaɓi unguwar Shahuci ta cikin birnin Kano ta zama wurin da za a tsaya a hangi wannan tarihi. Dalili kuwa shi ne, a wannan yanki ne aka kafa asibitin cikin gari da makarantar horar da alƙalai a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Bugu da ƙari, daga Shahuci babu nisa zuwa karofin Ƙofar Mata, ko Kasuwar Rimi, ko Kasuwar Kurmi inda ake sayar da magungunan gargajiya da kayan ado. Watau magani da shari'a da ciniki duk sun yi maƙwabtaka a nan, kuma su ne ginshiƙan maganar da za a yi.

2.0 Tabo a Idon Mutanen Da

Bahaushe ya daɗe da lura da bambancin launin fata, har ya ba kowane suna: akwai fari, akwai ja, akwai wankan tarwaɗa, akwai baƙi. Ba za a musa cewa ana yabon hasken fata tun da can ba, domin kuwa ga karin maganar nan da ke kiran farar mace alkyabbar mata. Amma duk da haka, baƙin zane a fuska ado ne a wurin mutanen da. 'Yan mata sukan ɗiga ruwan katambiri a goshi da kumatu ya yi baƙi ƙirin, ya kwana biyu bai fita ba. Wadda ke son zanen da ba ya gogewa sai ta je wa wanzami ya yi mata jarfa, watau ya tsattsaga fatar ƙanana-ƙanana ya cusa baƙin tukunya ko gawayi a ciki. Tsagar gado, irin su bille da kalangu da 'yar baka, ita ma wanzami ke yin ta don a san asalin mutum. Ga kuma kwalli a ido, ga shuni a kitso, wanda in ya zuba a wuya da goshi ba a ɗaukarsa ƙazanta.

Akwai kuma tabon da magani ke bari. Shasshawa da ƙaho da sakiya da lalas duk hanyoyin warkarwa ne da ke raunata fata, ko da aska ko da ƙarfe mai zafi, kuma kowace takan bar alama mai duhu. Wanda aka ga sawun ƙaho a gadon bayansa ba ya jin kunya, don kowa ya san jinya ya yi.

Tabon da ake tsoro a wancan zamani shi ne wanda ya fi sauran jiki haske. Farkon alamar kuturta a baƙar fata shi ne wani fili-fili mai ja-ja wanda ba ya jin taɓi sosai, don haka ko kyasbi ne ya fito wa yaro sai iyaye sun dudduba. Albaras ma haka. Sai kuma zanzanar agana, wadda ta ɓata fuskokin mutane masu yawa kafin a fara gangamin lamba a Afirka ta Yamma a 1967. An ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya a 1970, sa'an nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewar cutar a duniya baki ɗaya a 1980.

Abin lura game da wanzami shi ne matsayinsa a cikin jama'a. Sana'arsa gado ce, yakan shekara da shekaru yana riƙe wa mahaifinsa zabira kafin a bar shi ya taɓa jikin mutum. Kusan kowane gida yana da wanzaminsa, shi ke askin suna, shi ke kaciya, kuma a samansa akwai Sarkin Aska. Idan aikinsa ya ɓaci an san ƙofar gidansu.

3.0 Asibiti da Makarantar Alƙalai

A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe asibitin cikin gari, wanda bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976 aka sa masa sunansa. Cututtukan fatar da suka sha wa ma'aikatan lafiya kai a wancan lokaci masu nauyi ne: gyambo da ƙazuwa da tunjere da agana da kuturta. Kutare akan kai su sansani na musamman a wajen gari, kamar na Yadakunya. A cikin irin wannan hali ba mai tunanin ya kai ƙarar baƙin tabon ƙurji wurin likita. Wannan ya bar wani giɓi, domin gyaran fata don kyau ya zauna a hannun mata masu gyaran amare da 'yan koli, daga baya kuma ya koma hannun masu kantin magani. Ko da aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, aka fara samun ƙwararrun likitocin fata, kasuwa ta riga ta kama wannan fage.

Ita kuwa makarantar alƙalai ta Shahuci an buɗe ta a 1928, kuma daga cikin littattafan da alƙalan ƙasar Hausa ke hukunci da su akwai Muhtasar na Shaihu Halilu. Hukuncin mazhabar Malikiyya a kan mai magani a fili yake: wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san aikin ba, ko kuwa ya sani amma ya yi sakaci, to alhakin ɓarnar da ta auku yana wuyansa, kuma zai biya. Za mu sake komawa kan wannan ƙa'ida, don ita ce ta yi ƙaranci a harkar gyaran fata ta yau.

4.0 Zuwan Man Bilicin

Kafin haske ya zo, mai ne ya fara alkawarin share tabo. Sinadarin farko da aka dogara da shi a man kanti da sabulu shi ne zaiba, wadda ke hana fata yin launi amma tana ratsawa cikin jini. A 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka ba da rahoton ciwon ƙoda a tsakanin 'yan mata masu shafa irin wannan mai.

Sinadari na biyu, haidurokwinon, tarihinsa ya faro ne daga majema. A 1939 aka ba da rahoton wasu ma'aikatan wata masana'antar jima a jihar Ilinoyi ta Amurka waɗanda hannuwansu suka yi fari dabbare-dabbare. Da aka bincika sai aka tarar safar roba da suke sawa tana ɗauke da wani ɗan'uwan haidurokwinon. Abin da ya fara a matsayin haɗarin wurin aiki, cikin shekaru kaɗan 'yan kasuwa suka mai da shi haja. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 mayuka irin su Ambi da Satina suka bazu a biranen Afirka, har Fela Anikulapo Kuti ya yi waƙar zambo ga masu shafa su a 1976, ya kira abin da sunan cutar shawara.

A 1975 likita Findlay da abokan aikinsa a Piritoriya ta Afirka ta Kudu suka bayyana abin da yawan shafa haidurokwinon ke haifarwa. Bayan fata ta yi haske na ɗan lokaci, sai kumatu da goshi da gefen wuya, watau wuraren da rana ke duka, su rikiɗe su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, su yi kaushi. Ana kiran wannan okuronosis, kuma har yanzu yana cikin tabban da suka fi gagarar magani. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Afirka ta Kudu ta hana sa haidurokwinon a kayan kwalliya a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001, Kwaddibuwa a 2015, Gana kuma a 2016. A nan gida, Farfesa Yetunde Olumide ta Jami'ar Ikko da abokan aikinta sun wallafa bayani a 2008 kan illolin daɗewa ana shafa waɗannan mayuka, har da na sinadari na uku, watau sitiroyid, mai sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa.

An kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma a farkon 2023, a wani taro da aka yi a nan Kano, shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa. Sau da yawa akan kawo adadin nan na kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011. Ya kamata manazarta su yi hattara da shi, domin asalinsa wani bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Ikko aka buga a 2002, bai kuwa dace a shafa shi a kan matan ƙasa duka ba. Amma ko ba ƙidaya, wanda ya ratsa rumfunan kayan shafa a Kasuwar Rimi ko Sabon Gari zai ga girman cinikin da idonsa.

5.0 Haske a Matsayin Magani

Wanda ya fara mai da haske magani a bisa tsarin kimiyya shi ne Niels Finsen na ƙasar Denmak. A 1893 ya ba da shawarar a riƙa kwantar da masu agana a ɗakin da jan haske kaɗai ke shiga, don a rage musu zanzana. Daga baya ya yi amfani da haske mai ƙarfi wajen warkar da tarin fuka na fata, aka ba shi kyautar Nobel a 1903. A 1960 Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Kalifoniya, kuma cikin shekaru uku likitan fata Leon Goldman ya fara gwada ta a jikin mutum. Babban ci gaba ya zo a 1983, sa'ad da Rox Anderson da John Parrish suka nuna cewa idan aka zaɓi irin hasken da ya dace, aka kuma taƙaita lokacin harba shi, ana iya ƙona wani abu mai launi a cikin fata ba tare da an ƙona maƙwabtansa ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina na'urorin kashe gashi da share tabo. A 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura dabam, fitila mai walƙiya wadda ke fitar da haske iri-iri a lokaci guda, ita ce ake kira IPL. Da yake ta fi leza araha, ita ta fi yaɗuwa a gidajen kwalliya, har ta iso manyan biranen Nijeriya.

To, ina matsalar take? Abin da hasken ke nema ya ƙona shi ne melanin, watau sinadarin da ke ba gashi da fata launi. A jikin Bature mai farar fata da baƙin gashi, hasken yakan wuce fatar ya sauka a saiwar gashi. A jikin baƙar fata kuwa, melanin ya cika saman fatar kanta, don haka ita ke fara shan zafin. Da zarar ta ƙone, ko da ƙuna ce kaɗan wadda ba ta tashi bororo ba, sai ƙwayoyin da ke sarrafa launi su zabura. Waɗannan ƙwayoyi kamar marina suke a bakin karofi: yawansu kusan ɗaya ne a jikin fari da baƙi, sai dai na baƙin mutum sun fi himma, kuma kumburi ko zafi yakan sa su ƙara zuba baba. Idan launin ya tsaya a saman fata, tabon yakan yi ruwan ƙasa. Idan kuwa ƙunar ta fasa iyakar da ke tsakanin saman fata da cikinta, launin yakan zube ƙasa, tabon ya yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi.

Tarihin ma'aunin da ake saita waɗannan na'urori da shi yana da abin koyo. A 1975 Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Habad ya kasa fata gida huɗu bisa yadda rana ke ƙona ta, kuma duk huɗun na fararen mutane ne. Sai daga baya aka ƙara gida na biyar da na shida, waɗanda mafi yawan mutanen Kano ke ciki, kamar yadda ya bayyana a rubutunsa na 1988. Haka nan lezar farko ta kashe gashi, mai tsawon zango nanomita 694, melanin na shan ta ƙwarai. Wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce mai nanomita 1064, domin tana ratsa saman fata ba tare da ta zafafa shi sosai ba. Fitilar IPL kuwa haskenta ya haɗa da gajerun zanguna waɗanda melanin ke kamawa, shi ya sa likitocin fata ke gargaɗi a kan amfani da ita ga masu duhun fata. Haɗarin yakan ninka idan mai zuwa gyaran ta riga ta daɗe tana shafa man bilicin, don fatarta ta yi rauni, kuma hasken da ake gani a fuskarta yakan ruɗi mai riƙe da na'ura ya ɗauke ta fara.

6.0 Yadda Ake Magance Tabon

Abin da likitocin fata suka haɗu a kai ana iya kasa shi mataki-mataki.

Na farko, a dakatar da hasken, a bar ƙunar ta warke. Kada a ɓamɓare ɓawon, kada a dirje wurin da dilka ko soso, kada a shafa lemon tsami ko kanwa ko man goge baki. Duk abin da ya sa wurin raɗaɗi ƙara wa marinan nan aiki yake yi.

Na biyu, a kare wurin daga rana. Kano tana kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, ranarta tana da ƙarfi duk shekara, har da lokacin hazo. Ana so a riƙa shafa man kare rana mai lamba 30 ko fiye kowace safiya, a kuma maimaita in za a daɗe a waje. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa ko hasken da ido ke gani yana ƙara wa baƙar fata duhu mai daɗewa, don haka man da ke da ɗan launi na tsatsar ƙarfe ya fi wanda ba shi da shi. Inuwa da malafa da mayafi mai kauri su ma suna taimakawa.

Na uku, maganin shafawa a ƙarƙashin kulawar likita. Haidurokwinon ɗin nan da ya yi ɓarna a kasuwa shi ne dai babban magani a asibiti, bambancin yana ga awo da lokaci. Likita yakan ba da mai ƙarfin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, a shafa a kan tabon kawai, na kimanin wata uku, sa'an nan a huta. A 1975 Albert Kligman da Isaac Willis suka fito da haɗin magani uku, haidurokwinon da tiretinoyin da ɗan sitiroyid mara ƙarfi, kuma an amince da wani samfurinsa a Amurka a 2002. Akwai kuma asid azelayik mai ƙarfin kashi 15 zuwa 20, wanda ya fi sauƙi ga fata. Mai juna biyu ba a ba ta tiretinoyin, ana kuma kauce wa haidurokwinon, saboda haka wajibi ne mace ta gaya wa likita halin da take ciki.

Na huɗu, haƙuri. Tabon da ke saman fata yakan dushe cikin wata shida zuwa shekara guda. Wanda ya nutse ciki yana iya ɗaukar shekaru, wani ma ba ya fita gaba ɗaya. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami na biyu: wata guda ya wuce ba su ga canji ba, sai su nufi kasuwa a haɗa musu mai a roba wadda ba suna ba awo, ko su koma a sake haska wurin da ƙarfin da ya fi na farko. Sauri ya haifi nawa.

Ga wanda bai riga ya yi ba, rigakafin shi ne ya tambayi sunan na'urar da tsawon zangonta, ya tambayi horon mai riƙe da ita, ya faɗi gaskiyar abin da yake shafawa, ya kuma nemi a gwada a wani ɗan wuri a ɓoye, a jira mako biyu ko fiye a ga yadda fatar za ta amsa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi sawun baƙin tabo tun daga lokacin da yake ado ko shaidar jinya, zuwa lokacin da ya zama aibin da ake kashe kuɗi a kansa. An ga cewa zaiba da haidurokwinon da sitiroyid da hasken leza kowannensu ya shigo da alkawarin share fata, kuma kowannensu ya yi ɓarna a lokacin da ya fita daga hannun masani ya faɗa hannun mai neman ciniki. Wanzamin da ya yi shasshawa ya san fatar da yake tsagawa, an kuma san inda za a same shi. Na'urar haske kuwa an fara saita ta ne a kan wata fata dabam, sa'an nan ana iya sayenta a koyi latsa ta cikin 'yan kwanaki.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Hukumomin lafiya na jiha su yi rajistar duk wurin da ke aiki da na'urar haske, su ƙayyade horon da mai riƙe ta zai samu. Kwalejojin ilmi da makarantun kiwon lafiya su sa bayanin halittar baƙar fata a cikin darasin lafiya, da Hausa, don malaman da muke yayewa su kai shi makarantun 'yan mata. Masana shari'a kuma su duba yadda ƙa'idar lamunin mai magani, wadda ɗaliban Shahuci suka karanta tun 1928, za ta hau kan mai haɗa man bilicin da mai harba leza. Ga manazarta tarihi kuwa, akwai aikin tattara bayanan tsofaffin wanzamai da masu gyaran amare na unguwannin cikin birni tun suna raye, domin a bakinsu ne sauran wannan tarihi yake.